Ceto Bayanai Daga Faifan Ajiya Na Waje In Ya Daina Aiki

1.0 Gabatarwa

Kayan aikin mai nazarin Hausa sun sauya. A da, mai bincike yakan rataya rikoda, ya cika jaka da kaset, in ya dawo ya zauna ya juye abin da ya ɗauko a takarda. Yau kuwa ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Jami'ar Al-Qalam da ke nan Katsina da waya yake ɗaukar hirarsa, da ita yake ɗaukar hoton tsofaffin takardun ajami, ya buga kundinsa a kwamfuta, sa'an nan ya tattara kome ya zuba cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, watau faifan ajiya na waje, wanda ake jona wa kwamfuta da igiya. Wahalar shekara biyu ko uku takan taru a wuri guda ke nan. Ran da faifan ya ƙi buɗewa, abin da ke cikin haɗari ya wuce kundi, domin kundi ana iya sake rubuta shi. Hirar da aka yi da wani dattijo a Masanawa ko Gambarawa kuwa, in Allah ya yi masa rasuwa, babu mai sake yin ta.

A wannan maƙala za a duba yadda faifan yake aiki, da hanyoyin da yake bi ya mutu, da kuma abin da ya kamata a yi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, galibi a lokacin da faifai ya tsaya bayanan da ke ciki suna nan daram, kuma yawancin hasarar tana aukuwa ne daga baya, a hannun mai shi da masu taya shi gyara.

2.0 Ƙirar Faifan

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan na'ura a shekarar 1956. Ta farkon tana da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, abin da take iya riƙewa kuwa bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yanzu mai terabait 1, wanda ke shiga aljihu, yana ɗaukar sauti irin na MP3 da aka saba na fiye da awa 15,000. Duk da wannan rata, tsarin aikin bai sake ba.

Wanda ya san garmaho ya kama hanyar fahimtarsa. A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu na gilas ko gorar ruwa, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 a minti guda. Akwai kuma hannu mai ɗauke da allura, ita ce ke rubutu da karatu. Bambancinsa da garmaho shi ne allurar ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke kaɗawa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a kansa da ratar da ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 70,000. Ƙwayar ƙurar hunturu, wadda ido ba ya ganinta ita kaɗai, ta ninka wannan rata sau ɗaruruwa. Shi ya sa faɗuwa daga kan tebur lokacin da faifan ke juyawa take da muni: allura ta daki faifai ta kankare shafen, kuma abin da aka kankare ya tafi har abada.

A bayan faifan akwai allon lantarki mai sarrafa shi, sai kuma wani ɗan ƙaramin allo da ke haɗa shi da bakin USB, sai kwanson roba da ya rufe su duka.

Akwai wani abu guda da ido ba ya gani, wanda kuma shi ne ginshiƙin wannan nazari. Kwamfuta ba ta ajiye fayil a dunƙule. Tana yanka shi gutsi-gutsi, ta zuba a gurabe masu bait 512 ko 4,096, sa'an nan ta rubuta a wani fihirisa sunan fayil ɗin da lambobin guraben da yake. In aka goge fayil, ko aka yi wa faifai fomatin gaggawa, fihirisar kawai aka taɓa. Misalinsa kamar laburare ne da katunan littattafansa suka ƙone: littattafan suna nan bisa kanta, sai dai ba a san inda kowanne yake ba. Amma daga wannan lokaci kwamfuta tana ɗaukar guraben a matsayin fili, duk wani sabon abu da aka zuba zai iya hawa kan tsohon ya shafe shi.

3.0 Rarrabe Cutar

Maganar da ɗalibi kan zo da ita guda ce, "faifaina ya mutu", amma cututtukan da ke ƙarƙashinta sun bambanta ƙwarai, kuma maganin wata guba ne ga wata.

Mafi sauƙinsu ita ce ta igiya da baki. Ƙaramin faifai daga kwamfuta yake shan wuta. Bakin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, faifan kuwa ya fi bukatar wuta a daidai lokacin da zai fara juyawa. Igiyar da ta sha lanƙwasa a jaka, ko bakin da ƙura ta cika, ko tsohuwar kwamfuta, duk suna iya hana shi samun abin da zai ishe shi, sai a ji yana ɗan kuka yana ƙoƙarin tashi ya kasa. A sake igiya, a gwada wani baki, a gwada wata kwamfuta. Da yawa a nan maganarsu take ƙarewa.

Manyan faya-fayan da ake ajiyewa bisa tebur suna da tasu cajar mai bolt 12. Su ne suka fi jin jiki in wuta ta dawo da ƙarfi ko janareto ya yi gardama. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, na soka musu cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19 saboda bakinsu ya zo ɗaya. Nan take wani ɗan abu mai kare allon ya ƙone, faifai ya yi tsit. Abin yana da ban tsoro, amma faya-fayan ciki ba abin da ya same su, kuma mai gyaran da ya san aikinsa yana iya magance shi. Sai dai a lura, ciro allon wani faifai mai kama da shi a ɗaura ba ya wadatarwa a na zamani, domin kowane faifai yana da bayanan saitinsa na kansa a wani ɗan ƙwayar lantarki da ke kan allon, dole sai an ciro ta an mayar kan sabon.

Cuta ta gaba ta fihirisa ce. Faifai yana juyawa lafiya, fitilarsa na ci, amma Windows ta ce sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne fizge igiya ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta. Amsar wannan tambaya ta Windows a kullum ita ce a'a. Haka nan umarnin CHKDSK da masu gyara ke saurin bugawa: aikinsa shi ne daidaita fihirisa ko ta halin ƙaƙa, ko da zai yanke fayiloli ya zubar, kuma yana rubutu a kan faifan da ake son ceto. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai wata da ta zama ruwan dare a shagunan buga takardu da ke kewaye da makarantu, wadda ma ba ta kai a kira ta cutar faifai ba. Ɗalibi ya kai kundinsa a buga, ya dawo ya tarar manyan jakunkunansa sun ɓace ko sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Bairos ne ya ɓoye su. Hanyar ganewa ita ce a duba yawan wurin da aka cinye a faifan: in har yanzu yana nuna gigabait ɗin da aka sani, kaya suna nan. Kada a danna alamomin nan, domin danna su ne ke tayar da bairos ɗin. A wanke faifan da manhajar kashe bairos, sa'an nan a umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko a yi amfani da umarnin attrib a cire musu alamar ɓuya.

Ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce haɗari, ita ce ta ƙarfen ciki. Alamarta a kunne take. In an kara faifan a kunne aka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ko ƙarar gurza, to allura ta lalace ko ta kasa gane inda take. A nan kowane minti da faifan ya yi yana juyawa ƙarin ɓarna ne, domin lalatacciyar allura tana iya zama kamar garma a kan shafen. A zare shi a ajiye. Babu wata manhaja, komai tsadarta, da ke gyara karyayyen ƙarfe.

4.0 Aikin Ceto

In an tabbata ba igiya ba ce, kuma babu mugun sauti, abu na gaba shi ne a ga ko kwamfuta tana ganin faifan da girmansa na ainihi a sashen da Windows ke jera faya-fayai. In ba ta gani, ana iya ɓare kwanson roba a zare ɗan allon USB, a jona faifan kai tsaye da bakinsa na SATA, domin sau da yawa ɗan allon ne ya mutu. Wannan yana soke garantin kamfani, amma wanda hirarsa ke ciki ba ta garanti yake yi ba. Sai dai ba kowane faifai ke karɓar wannan dabara ba. Da yawa daga ƙananan faya-fayan Western Digital, irin My Passport, an haɗe bakin USB da babban allonsu, babu abin zarewa, wasunsu kuma suna kulle bayanai da asirin lissafi ko da mai su bai sa kalmar sirri ba. A kuma bambanta ɓare kwanson roba da kwance murfin ƙarfe. Na farko ba laifi. Na biyu, in aka yi shi a ɗaki ko a shago, balle da hunturu, an gama da faifan.

Daga nan sai babbar ƙa'ida, wadda ɗalibin da ya taɓa aiki da tsofaffin takardu ba zai yi mamakinta ba: ba a aiki a kan asali. Wanda aka ba aron tsohon littafi mai rugurgujewa kwafarsa yake fara yi, ya mayar da asalin cikin gafaka, ya ci gaba da nazari a kan kwafin. Haka ake yi wa faifai marar lafiya. A samo wani lafiyayye wanda girmansa ya kai na marar lafiyan ko ya fi, a kwafe shi gurbi bayan gurbi, da mai kaya da marar kaya.

Jan fayiloli a zuba irin na yau da kullum bai dace da wannan aiki ba, domin da ya iske gurbin da ya lalace sai ya tsaya yana ta maimaita karatu har faifan ya ƙarasa. Manhajar da ta fi dacewa ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004, kyauta ce, a kan Linux take aiki. Hikimarta ita ce ta fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, tana tsallake masu wuya, sai ta gama ta dawo tana lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai. Ga mazaunin Katsina wannan taswira ba ƙaramar rahama ba ce, domin kwafar terabait guda daga faifai mai ciwo tana iya cin kwana da kwanaki, kuma da wuya wuta ta yi wannan haƙuri. In ta ɗauke, daga inda aka tsaya za a ɗora. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya kyautu a sa wa faifan fanka. Abu guda da ke bukatar natsuwa shi ne rubuta sunayen faya-fayan biyu a cikin umarnin. Wanda ya juya su, ya sa na ɗauka a gurbin na zubawa, zai kwafe fanko a kan kayansa, kuma manhajar ba za ta iya mayar masa ba.

In kwafi ya samu, an tsallake siraɗi. A ajiye asalin, a koma kan kwafin da manhajar TestDisk, ta Bafaranshen nan Christophe Grenier, wadda ke neman ɓataccen fihirisa ta sake gina shi. In ta dace, fayiloli za su fito da sunayensu da jakunkunansu yadda aka bar su. In fihirisar ta lalace ƙwarai, sai a koma ga 'yar'uwarta PhotoRec. Ita ba ruwanta da fihirisa. Gurabe take bi ɗaya ɗaya tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, kamar yadda ake gane farkon wasiƙa da sallamarta: fayil ɗin PDF da %PDF yake farawa, sautin WAV da RIFF, takardar Word ta zamani da PK. Duk abin da aka ceto a zuba shi a faifai na dabam.

4.1 In Ƙarfe Ne Ya Lalace

Wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki ko akwatin da ake tace iskarsa, inda suke kwance faifan su sa masa allurar wani irinsa. Kuɗinsa yakan ninka kuɗin sabon faifai sau da dama. Kafin a miƙa wa kowa, a tambaye shi inda zai buɗe shi, a kuma tambaye shi ko kwafi zai fara ɗauka. Wanda ya ce zai buɗe a bisa teburin shagonsa, a karɓi kaya a yi masa sai an jima. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shawarar nan da ke yawo ta sa faifai cikin firji ita ma a bar ta, raɓa take tarawa a ciki. A kuma tuna cewa hirarraki amana ce. Mutanen da suka yi magana da ɗalibi ba su yi da mai shago ba.

Abin da gwanaye ke iyawa yana da ban mamaki. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sararin sama ranar 1 ga Fabrairu, 2003, an tsinci wani faifan Seagate a cikin tarkacensa, ya babbake. Injiniyoyin kamfanin Kroll Ontrack suka ciro faya-fayan ciki suka wanke, suka ɗora su a wata na'ura, suka ceto kusan dukkan bayanan wani gwaji da aka yi kan iskar zinon, har aka buga sakamakon a 2008. Faifan da ya faɗo daga sama an karanta shi, saboda shafen wurin da bayanan suke bai kankaru ba.

Duk wannan bayani ya shafi faifai mai juyawa ne. Sabon nau'in da ake kira SSD, da filashi, ba su da allura, faɗuwa ba ta cika yi musu illa ba, amma sukan mutu ba sallama, kuma abin da aka goge a SSD yakan share na dindindin cikin ɗan lokaci. Faifan da aka kulle da BitLocker kuwa, in babu mabuɗinsa, ko an ceto shi ba ya karantuwa.

Masana ajiya suna ba da shawarar kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Katsina ba baƙuwar wannan ba ce. Abin da ya iso wannan zamani na rubuce-rubucen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya iso ne saboda almajirai sun kwafa sun kai wasu gidaje da wasu garuruwa. Ya kamata sassan Hausa su riƙa karɓar kwafin sautin hirarraki tare da kundi, maimakon kundi shi kaɗai.

5.0 Matsalolin Mai Nazarin Hausa Bayan Ceto

Littattafan kwamfuta a nan suke tsayawa, amma wahalar ɗalibin Hausa ba ta ƙare ba. PhotoRec ba ta dawo da sunaye. Abin da zai tarar shi ne dubban fayiloli masu sunaye irin f0482136.wav, babu wanda ya san na wane ne. A nan ne tsohuwar tarbiyyar malaman adabin baka take biya: wanda ya saba buɗe kowace ɗauka da faɗin sunan mai magana da unguwa da kwanan wata, sauraron daƙiƙa goma ya ishe shi. Wanda bai saba ba sai ya zauna yana gane muryoyi. Dogayen hirarraki kuma su ne suka fi fitowa a yanke, domin babban fayil ya fi warwatsuwa a gurabe masu nisa da juna, wannan manhaja kuwa mai bin jere ce.

Hotunan takardun ajami sun fi sauƙi. Kyamara tana rubuta rana da sa'a da daƙiƙa a cikin jikin hoton, wannan kuma ba ya ɓacewa da ɓatan suna, saboda haka ana iya jera su yadda aka ɗauke su. Inda aka samu shakka, marubutan da sun riga sun yi tanadi. Da yake littattafansu warwara ne ba ɗinki, sukan rubuta kalmar farko ta ganye na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, kuma da ita ake jera hotunan kamar yadda ake jera ganyen.

Sai maganar baƙaƙe masu lanƙwasa. Ɗalibi yakan buɗe kundin da aka ceto a wata kwamfuta ya ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ta~a a maimakon taɓa, ya ɗauka fayil ɗin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. An buga shi ne da salon rubutu irin Rabi'at, na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya yi wa marubuta Hausa hidima kafin tsarin Unicode ya yaɗu, ta hanyar ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. Kwamfutar ce ba ta da salon. Da an sa mata shi rubutu zai miƙe. Wanda ya so ya huta gaba ɗaya sai ya musanya alamomin da baƙaƙen Unicode, ya mai da } ta zama ƙ, { ta zama Ƙ, ] ta zama ɗ, [ ta zama Ɗ. Amma mai kundin tsarin sauti ya yi wannan musanya da hankali, ɗaya bayan ɗaya. A kundinsa akwai baka mai kusurwa na gaske, wanda yake rubuta furuci a ciki, kuma musanyar bai-ɗaya za ta mai da [ts] ta koma Ɗtsɗ daga babi na farko har rataye.